Yadda Jagoran Wasa Zai Hana Matsafi Danne Mayaƙi a Teburin Dungeons & Dragons

Duk wanda ya ɗan jima yana jagorantar wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur da jagora yake ba da labari kowane ɗan wasa kuma yake riƙe da jarumi ɗaya a cikinsa, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ya san ƙorafin da mai riƙe da mayaƙi yake yi idan tafiya ta yi nisa: shi yana sara da takobi ɗaya bayan ɗaya, matsafi kuwa yana share fili da kalma guda. Ƙorafin yana da tushe, kuma maganinsa yana hannun jagora fiye da yadda yake cikin littafin dokoki.

Da farko, jagora ya san lissafin. A bugu na biyar, na 2014, matsafi yana fara mataki na 1 da makin rai (yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi) 6 da ɗan ƙarin da ƙarfin jikinsa ya ba shi, mayaƙi kuma da 10, ga sulke ga garkuwa. A lokacin matsafi guraben sihiri biyu kacal yake da su, wato sau biyu zai iya yin sihiri mai ƙarfi kafin ya huta, don haka a bayan mayaƙi yake fakewa. A mataki na 5 ne labari yake sauyawa, domin mayaƙi yana samun sara biyu a kowane zagaye, wanda idan duka suka shiga ɓarnarsu ba ta cika wuce maki 17 zuwa 21 ba a kan mutum ɗaya, shi kuwa matsafi yana samun ƙwallon wuta, inda ake jefa ɗan lido mai fuska shida har guda takwas, wato kimanin maki 28 a kan duk wanda wutar ta rutsa da shi cikin tazarar ƙafa 20 daga tsakiyarta, rabin haka kuma ga wanda ya yi nasarar kaucewa. Daga nan tazarar sai ƙaruwa take yi, har matsafi ya kai ga ɗauke jama'arsa daga wannan gari zuwa wancan cikin ƙiftawar ido a mataki na 13.

Sai dai ƙwallon wutar nan sau biyu kawai matsafin mataki na 5 zai iya jefa shi kafin ya nemi hutu, kuma a nan ne babban gyaran yake. An gina bugun 2014 ne a kan cewa 'yan wasa za su gamu da arangama shida zuwa takwas kafin dogon hutu na awa takwas, wanda shi ne yake mayar wa matsafi duk gurabensa. Mayaƙi kuwa gajeren hutu na awa ɗaya ya ishe shi ya dawo da ƙarin yunƙurinsa, wato damar ƙara kai hari a zagaye ɗaya, da ɗan warkar da kansa, takobinsa kuma ba ya ƙarewa.

A Legas wannan tsari yana lalacewa ba tare da an lura ba. Idan an sa zama a Agege bayan La'asar ranar Asabar, wani zai taso daga Idi-Araba, wani daga Obalende, gosulo ya cinye musu awa biyu a cikin danfo, kafin a shimfiɗa taswira an kusa kiran Magariba. Faɗa ɗaya ake samun yi, sai jagora ya ce kowa ya kwana, mako mai zuwa matsafi ya sake zuwa da gurabensa cike. A ganina wannan shi ne babban abin da yake kashe wa mayaƙi gwiwa. Saboda haka jagora ya raba ranar labari da ranar zama: idan aka tashi, a rubuta a takardar kowa makin ransa da guraben da suka rage masa, a ci gaba daga nan, ko da rana ɗaya ta cikin labari za ta ɗauki zama uku. Ya kuma sa dalilin gaggawa, misali a ce ayarin da aka sace zai ƙetare kogi kafin asuba, ta yadda kwanciya barci za ta zama asara.

Bayan haka, ya sa abokan gaba su yi aiki da hankali. Sihiri da yawa, kamar na tashi sama, yana buƙatar matsafi ya tattara hankalinsa, kuma duk lokacin da aka ji masa rauni sai ya jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya kai 10 ko rabin ɓarnar, duk wanda ya fi yawa, in ba haka ba sihirin ya warware. Maharba biyu a kan katanga sun isa su sa shi neman wanda zai tare masa. Kada kuma a riƙa tara maƙiya wuri ɗaya. A warwatsa su, ko a kawo su kashi-kashi ta ƙofofi daban-daban, a bar wata siririyar gada da mutum ɗaya mai sulke zai iya tsarewa.

Wajen rabon ganima ma a kula. Takobi mai sihiri ko takalmin tashi sama a hannun mayaƙi ya fi amfani ga tebur a kan wata sandar da za ta ƙara wa matsafi ƙarfi. Haka nan idan an shiga gari, sarkin yaƙi da dogarai su san sunan mayaƙin, su nemi shawararsa kan tsaron ganuwa, domin shi ma ya sami abin yi a wajen fagen fama.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rage wa matsafi ƙarfi a ɓoye, ko a cika labari da wuraren da sihiri ba ya aiki, domin shi ma ɗan wasa ne da ya sha gosulo ya zo. Idan jagora zai sauya dokar hutu, ya faɗa wa kowa tun a zaman farko, kafin a cike takardun jarumai.