Kafin ka tafi koyarwa ta sa-kai a ƙasar waje: kurakuran da aka fi yi

Rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2024 ya ƙiyasta cewa duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030. Saboda haka wanda ya ɗaura niyyar zuwa wata ƙasa ya koyar kyauta bai yi tunanin banza ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake tafiya ba shiri, kuma idan aka yi kuskure, yara ne ke kwana a ciki.

Da yawa sukan biya kuɗi tun kafin su san ƙungiyar da za su bi. Hotuna masu kyau a intanet ba shaida ba ne. Nemi lambar rajistarta, ka tambayi ina kuɗinka zai shiga, ka ce a haɗa ka da shugaban makarantar da kuma wani da ya taɓa zuwa. Shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, wanda aka kafa a 1970 yake kuma da hedikwata a birnin Bonn na Jamus, ba ya karɓar ko sisi daga mai neman gurbi, alawus ma yake bayarwa. Peace Corps kuwa, hukumar 'yan sa-kai ta gwamnatin Amurka, 'yan ƙasar Amurka kaɗai take ɗauka, don haka duk wanda ya ce zai sama maka gurbi alhali kai ba ɗan ƙasar ba ne, ɗan damfara ne. Ga wata alama da ba a cika lura da ita ba: ƙungiyar da ba ta nemi takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da tarihin laifi ba, ta buɗe wa kowa ƙofar ajin yara ke nan. Ka guje ta.

Batun gidajen marayu ya fi wannan nauyi. Galibin yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya rabo su da gida, kuma a wasu wurare ana tara su ne don baƙi masu kuɗi su zo gani. Ostareliya ta kai ga ɗaukar safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin nau'in bautar zamani a 2018. Ko gidan na gaskiya ne, yaron da zai shaƙu da baƙo yau a raba su bayan mako 2, gobe wani ya zo, ana yi masa rauni ne a zuci. Nemi makarantar da yara ke komawa wurin iyayensu bayan an tashi.

Sai takardu. Bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki a ƙasashe da dama, ko da aikin ba na albashi ba ne. Birtaniya ma biza ta daban ta ware wa masu aikin agaji, ta tsawon wata 12. Ofishin jakadanci za ka tambaya, ba dillali ba. Ƙasashe da yawa na son fasfo ya rage aƙalla wata 6. Katin rigakafin cutar shawara ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allura, ka ga likita da wuri, ka kuma yi inshorar lafiya.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shiga aji da tunanin ka zo gyara. Jin Turanci daban, iya koyar da shi daban. Malamar da ka tarar ta san wane yaro ne ba ya gani daga baya, wane ne ke zuwa da yunwa, wane darasi ne ke fitowa a jarrabawa. Kai mataimakinta ne. Ka nemi manhajar karatun ƙasar tun kafin ka tashi, ka yi makon farko a bayan aji kana kallo. Idan ba ka taɓa koyarwa ba, yi kwas, irin na TEFL (koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne) mai awa 120. Ka koyi gaisuwa da ƙirga da umarnin aji a harshen yaran, domin UNESCO ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya ba sa samun karatu da harshen da suke ji. Kada ka ƙara musu wani shinge.

Hoton yara kuma, kada ka ɗauka ba izinin iyaye da makaranta, kada ka sa sunansu a Facebook, kada ka keɓe da yaro a ɗaki.

Idan ba za ka iya cika zangon karatu ɗaya ba, nemi aikin da ba riƙe aji ba, kamar tsara ɗakin karatu. Idan kuwa ka riƙe aji, tun ranar farko ka buɗe littafi kana rubuta inda aka tsaya a kowane darasi da abin da ke ba kowane yaro wuya, ka damƙa shi hannun malamar kafin ka kama hanyar filin jirgi.