Kafin ka ɗora hoton sabon kayanka a Facebook

Masu ƙera takalma, jakunkuna da zanen atamfa, ku saurara.

Idan ka fito da sabon salo, kai shi rajista tukuna, sannan ka yi talla.

Dokar Najeriya ta 1970 kan ƙirƙira da zane tana kare zanen da yake sabo ne kawai. Da zarar jama'a sun gani a status ko a kasuwa kafin ka shigar da takarda, ya daina zama sabo a idon doka. Ni ma sai da aka kwafe mini wani salon jaka na gane haka.

Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci. Kariyar shekara 5 ce, ana sabuntawa sau biyu, jimilla 15. Kada ka riƙa kaiwa ɗai-ɗai, takarda guda tana ɗaukar zane har 50 in kayan iri ɗaya ne.

Amma fa siffa da launi take karewa, ban da yadda abin yake aiki. Kuma rajistar Abuja ba ta tsallaka iyaka. Mai kai kaya Maraɗi sai ya nemi ta OAPI daban, wato ƙungiyar da ke rajistar ƙirƙira da zane ta wasu ƙasashen Afirka, har da Nijar.