Kafin ki ce wa wata "karanta wannan"

Tun ina aji uku na sakandare nake hayar littafi a wani ɗan shago da ke bakin layinmu a Kano. A ba ki na ɗaya yau, sai kin dawo da shi gobe a ba ki na biyu. Shagon ya daɗe da komawa na cajin waya, littattafan kuma sun shige cikin wayoyin da ake cajawa: WhatsApp, Wattpad, ArewaBooks, ga masu karantawa a YouTube. Da yake an san ni da wannan jarabar, da wuya mako ya wuce wata ba ta turo min ba, "Anti, wane sabon littafi ne mai daɗi?" Ga abin da nake yi kafin in buɗe baki.

Ba na kama sunan littafin da ban ga ƙarshensa ba. Wannan a jikina na ji. Shekara biyu ke nan, na karanta shafukan kyauta na wani littafi, labarin yarinya mai tallan awara da ke son komawa makaranta. Hausa tsaf, ga ban tausayi. Ban yi wata-wata ba na tura wa ƙanwar mijina. Ta biya N500 aka saka ta a rukunin waɗanda suka biya, har ta riƙa karanta wa Hajiya bayan isha'i, saboda idon Hajiya ya yi rauni. Bayan kwana goma na shiga gaishe su. Hajiya na kan darduma, carbi a hannu, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ashe irin karatun da kike yi ke nan." Wai daga shiga littafi na biyu aka aurar da mai awara ga wani attajiri, sauran labarin duk a uwar ɗaka ake yinsa, babu sakayawa. Da ƙasa za ta tsage a ranar, da na shige.

Shafukan kyauta talla ne. Marubuciya ta san a nan za ki yanke shawarar tura kuɗi, don haka a nan take zuba duk basirarta. Abin da ke biyo baya sau da yawa kullum ake buga shi a waya, a saki da dare, masu sharhi na ta ihu: a kashe kishiya, a dawo da tsohon saurayi, shafin yau ya yi kaɗan. Wadda ba ta tsara labarinta tun farko ba, su za su riƙa ja mata akala. Saboda haka ki nemi kammalalle. In ana kan yinsa, ki tambayi wadda ta riga ta biya, ba wadda ke tallarsa ba.

Idan ya zo hannuna, tsakiya nake fara buɗewa. In samu inda mutum biyu ke hira, in rufe sunayensu da yatsa, in ga ko zan gane wa ke magana. Kakar da ta tashi a ƙauye tana da nata bakin, ɗan adaidaita na da nasa, likita ma haka. In na ji kowa na magana da harshe ɗaya, rabi Hausa rabi Turanci, har tsohuwar da ke kaɗi a zaure, na ajiye. Sai kuma in duba shafi nawa zan iya tsallakewa ban rasa komai ba. Akwatunan lefe goma sha biyu da aka bi ɗaya bayan ɗaya, launin labule, sunan mota: in an kwashe waɗannan littafin ya koma rabi, to da ma rabin ne.

A kan ƙa'idar rubutu ba na tsanantawa, na san wahalar buga ƙ da ɗ a waya. Amma wadda ta kasa raba "ta fi" da "tafi" har ma'ana ta juye, ba ta sake duba abin da ta rubuta ba, ni kuwa ba zan duba mata ba.

Sababbin sunaye a wajen gasa nake tsintarsu. A 2016 BBC Hausa ta fara shirya gasar Hikayata don mata. Gajerun labarai ne, amma da dama daga masu shiga suna da dogayen littattafai, kuma wadda ta iya kammala labari a ƴan shafuka ta san inda ake tsayawa. Ba sabon abu ba ne a wajenmu: gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam.

Sai dai lambar yabo ba ta gaya miki wa za ki ba. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar adabi ta NLNG, kamfanin iskar gas na Najeriya, a 2016, dala 100,000, kuma ya cancanta. Amma labarin soyayya ne tsakanin bazawara mai shekara 55 a duniya da wani matashi mai sayar da wiwi. Na ba ƙawata malamar jami'a, ban ba ɗiyar yayata ba. Shi ya sa duk wadda ta tambaye ni, ni ma sai na tambaye ta: wane littafi kika ƙarasa na ƙarshe, wanne kika yar a hanya? Daga amsar nake zaɓa mata guda ɗaya tak. In kin jero wa mutum littafi goma, ko ɗaya ba zai buɗe ba. Nakan faɗa mata abin da ke ciki mai nauyi, in akwai fyaɗe ko kisa ko maganar shimfiɗa, ban fasa mata ƙwan labarin ba. In na kuɗi ne, lambar marubuciyar nake ba ta, ba na tura littafin.

Hajiya dai har yau ba ta sake tambayata littafi ba. Ƙanwar mijin nawa ce ke biyo ni madafi, ta rage murya, ta ce, "Anti, wannan kin kai ƙarshe ko?"