Kafin ka kira mai alminiyom: yadda ake tada tsohuwar tagar katako

Duk wanda ya gaji tsohon gida a Sakkwato, ko cikin gari ne ko gidajen nan na GRA da anka gina tun zamanin Turawa, ya san shawarar da ake fara ba shi in ya tashi gyara, wai a ɓanɓare tagogin katakon nan a sa na alminiyom. Ni dai ban yarda ba. Alminiyom mai ja gefe rabin tagar kawai yake buɗewa, kuma a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ko taɓa shi ba ka iya yi da rana. Tsohuwar tagar kuwa yawanci da jan katako anka yi ta, irin su maɗaci da iroko, wanda yau in ka shiga wajen 'yan katako neman busasshensa sai aljihunka ya gaya maka. Kuma akasarin tagogin da ake cewa sun mutu ƙasansu kawai ya ci, sauran jikin garau yake.

To fara da bincike, kada ka saye komi tukuna. Ɗauki sukundireba ka bi katakon kana dannawa, musamman dandamalin ƙasa inda ruwa ke kwanciya, da kusurwoyi biyu na ƙasa inda katako ya shiga cikin katako. In bakin ya tsaya to lafiya lau. In ya lume, ka zagaye wurin da alli. Ka kuma ƙwanƙwasa da bayan sukundireban, inda gara ta cinye za ka ji shi fayau, fenti ne kawai a sama ciki babu kowa. In ka ga hanyar gara, wagga 'yar jar ƙasa da take ginawa a jikin bango, kada ka kankare ka ce ka gama, bi ta har inda ta fito daga ƙasa a zuba magani can, in ba haka ba sabon katakon da za ka sa abinci ka kawo mata.

Kafinta zai zo ya duba ya ce Alhaji wagga ai ta gama aiki, a yi sabuwa kawai. Ba laifinsa ba ne, sabuwa ta fi masa sauƙi kuma ta fi kuɗi. Ce masa Malam mu dai fara ciro ta mu gani a ƙasa. In da hali ka nemi tsohon kafinta, irin wanda ya koyi haɗa katako da huji da harshe tun ba a fara dogara da ƙusa da gam ba.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce mutane sunka fi raina wa alhali nan garin ita ce rabin aikin. Katako shina shan iska. Da damina, Yuli zuwa Satumba, sai ya kumbura taga ta ƙi rufuwa, da hunturu da bazara kuma ya bushe ya tsuke. Wanda ya ga taga ta cije a watan Agusta ya sa anka fere ta har ta shiga sumul, to ya jira Janairu, zai ga kafar da ƙura ke shigowa ta cikinta har kan gado. Wanda kuma ya yi aikin a Maris ya matse ta tsam babu ko 'yar sarari, ruwan farko na sauka sai da kafaɗa za a buɗe ta. Abin da nike ba da shawara, a yi aikin bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba kafin hazo ya yi ƙarfi, in kuwa dole sai da rani to a bar sararin kamar milimita 3 kowane gefe.

Ciro tagar a hankali. Fenti kan manne ta da firam, sai ka bi layin da wuƙa mai kaifi ka yanke shi kafin ka ja, kada a sa ƙarfi. Rubuta lamba a jikin kowace da inda ta fito, don tagogin da ba su zo girma ɗaya ba ko da ido ya ce ɗaya ne. Hinjis da sakata da marikin tagulla a zuba su cikin gwangwani da kananzir su kwana, da burushin ƙarfe za su dawo. Kada ka bari a tafi da su wajen 'yan gwangwan.

Yanzu wurin da nike so a saurara da kyau, cire tsohon fenti. Fentin mai na da akwai dalma a cikinsa, Amurka ma sai 1978 ta hana sa shi a gidaje. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba, mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, wajen Anka da Bukkuyum, inda yara ɗaruruwa sunka rasu, duk da can daga dutsen zinare ta fito ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Don haka ba a ƙona fentin da wuta, ba a kuma sa masa injin gurza a bushe ƙura ta cika tsakar gida inda ake shanya da girki. Fitar da tagar waje, shimfiɗa leda a ƙasa, sa takunkumi, a yayyafa ruwa a kankare da abin kankara, sanfefa ma a jiƙa ta. In an gama a naɗe ledar da dattin a ɗaure, a wanke hannu kafin a ci abinci, yara da mai ciki su yi nisa. Ba kuma dole ne a cire fentin duka ba, inda ya kama da kyau gurza shi sama-sama ya isa.

Inda ka zagaye da alli a yanke shi har sai an kai katako mai rai, a ɗan ƙara gaba kaɗan. Yankan a karkace ake yi, ba a miƙe ba, don gam ya samu wurin kamawa da yawa kuma ruwa ya gangare waje. Ƙarin da za a sa ya zama irin katakon ne, busasshe, jijiyarsa na bin hanya ɗaya da ta asali. Mafi kyau ka samu tsohuwar ƙofa ko tagar da anka cire daga wani gida ka yanka daga ciki, ta riga ta gama duk motsin da za ta yi. Farin katako mai taushi kada ma a kawo shi, gara ba ta yi masa sallama. Farin gam na kafintoci ba ya jure ruwa, a ƙasan taga a sa gam mai haɗi biyu irin Araldite, a matse da kilam, ƙarfen matsewa na kafintoci, ya kwana. Ƙaramin rami a cike da wanga gam ɗin da dusar katako. Abin da ban so in gani shi ne siminti ko fotin masu gyaran mota a cikin katako, su ba su motsi shi kuwa shina motsi, sai wurin ya tsage ruwa ya samu ɗaki.

Daga nan a shafa maganin gara irin Solignum, wanda fenti ke hawa kansa, a ba bakin yanka da bayan firam da ke jingine da bango su sha sosai. Na san da yawa baƙin mai na mota suke shafawa don arha, to a azara ko katakon rufi wannan maganar daban ce, amma a taga fenti ba zai taɓa kama shi ba, zai ta tsattsafowa shina ɓata labule.

Akwai wata irin taga da ba ta da yawa nan wajenmu, mai gilashi hawa biyu da ake turawa sama da ƙasa, wadda ta yaɗu a Ingila tun ƙarshen ƙarni na 17. In gidanku na da ita ka riƙe ta da kyau, don dabararta ta dace da zafinmu, ka sauke ta sama kaɗan ka ɗaga ta ƙasa kaɗan, iska mai zafi ta fita ta sama mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Cikin firam ɗinta akwai rami kowane gefe, da ƙarfe mai nauyi rataye da igiya bisa 'yar ƙaramar taya, kamar guga da rijiya, nauyin ƙarfen ne ke riƙe tagar duk inda ka tsai da ita. In ka ga ana tokare ta da sanda to igiyar ce ta tsinke. Cire siririn katakon da ke tare ta daga ciki, fara ɓanɓarowa daga tsakiya don can ya fi lanƙwasa, ka fito da ta ƙasa, ka zare siririn da ke tsakani ka fito da ta sama. A ƙasan firam za ka ga 'yar murfi, buɗe ta ƙarfen na kwance ciki. Ɗaura ƙaramin noti a zare ka jefa ta kan tayar ya sauka, ka jawo sabuwar igiya da shi, ka ɗaure a ƙarfen. Wajen auna tsawo, in tagar ta kai can sama ƙarfen ya rage kamar yatsa uku bai taɓa ƙasa ba. Tun da ka buɗe, canja igiyoyin duka huɗu, kuma a samu ta auduga mai saƙa, igiyar leda ta shanya tana miƙewa rana kuma na cinye ta. In ka canja gilashi da mai kauri nauyi ya canja ke nan, sai an ƙara wa ƙarfen.

Gilashin da bai fashe ba a bar shi, ko da ka ga hoto na ɗan rawa a cikinsa, alamar tsohon aiki ce. Busasshen foti, wato kwaɓin da ke riƙe gilashi a gurbinsa, a cire a hankali da bakin kurfi. Kafin a sa sabo a shafa fentin farko a cikin gurbin, in ba haka ba katako zai tsotse man fotin ya bar shi shina marmashewa. A murza fotin a hannu ya yi laushi, a shimfiɗa kaɗan, a kwantar da gilashi, a kafe da ƙananan ƙusoshi marasa kai, sannan a bi da wani a ja shi da wuƙa a karkace. Ba shi sati biyu ya yi fata kafin fenti. Tsumman da ya sha man linsid, wato man da ke cikin fotin, kada a dunƙule shi a jefa kwana, da kansa yake kama wuta balle a zafin Sakkwato, a baza shi waje ya bushe ko a tsoma a ruwa.

Fenti hawa uku, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, kowane siriri, kowane ya kwana. Da safe a inuwa ake yi, ranar da hazo ya taso a haƙura. A bar fentin ya hau kan gilashi da kamar milimita 1 ya rufe bakin fotin, a kuma shafa ƙarƙashin tagar da samanta inda ido ba ya gani, nan ne ruwa ke shiga. Igiya da hanyar da tagar ke zamewa ba a sa musu fenti, kyandir ko kakin zuma ake gogawa.

Kafin a maida ta duba dandamalin ƙasa, ya zama ya gangara waje, kuma akwai ɗan layi da ake sarewa a ƙarƙashinsa don ruwa ya ɗiga ƙasa kada ya koma bango, yawanci fenti ya cike shi, a kwakule. In indararo na zubowa daidai kan tagar a karkatar da shi. Bayan nan duk shekara kafin ruwan farko ka zagaya da sukundireban nan, inda fenti ya tsage ka taɓa masa burushi.