Kafin ka sayi hannun feda na ƙaramin kamfani, duba wannan

Jama'a masu keke, ga shawara: idan za ka sayi hannun feda da farantin cen daga ƙaramin kamfani, ka fara duba awonsa kafin sunansa.

Abu na farko shi ne kaurin sandar tsakiya, wadda ta haɗa hannun feda na dama da na hagu. Nemi mai milimita 24, irin ta Hollowtech II, samfurin babban kamfanin kayan keke Shimano. Boris ɗinta a ko'ina ake samu, ko ya ci ba za ka sha wahalar canji ba. Ta samfurin DUB na kamfanin SRAM kuwa milimita 28.99 ce, ba sa shiga juna.

Sai faɗin da'irar da ramukan notin faranti suke kai, wanda ake rubutawa BCD, shi ma da milimita ake auna shi. Mai noti huɗu na keken hawa dutse, 104. Mai noti biyar na keken titi, 110 ko 130. Haƙoran faranti su ke fara cinyewa, to in awon na gama-gari ne, faranti kawai za ka sauya. Wasu ƙananan kamfanonin suna ƙirƙiro nasu awon, ranar da suka daina yi sai ka zubar da duka.

Ƙananan kamfanonin ma sun fi kawo gajeren hannu, milimita 160 ko 155, ga mai gajerun ƙafafu.

Amma in faranti biyu ne a gaba, ni dai na fi amincewa da na manyan kamfanoni. Haƙoransu an tsara su ne don cen ta hau daga ƙaramin faranti zuwa babba salin-alin. Na araha sau da yawa cen na ƙin hawa ko ta zame a tudu.

Babban suna ma ba garanti ba ne: a 2023 Shimano ta yi kiran a dawo da wasu hannayen feda samfurin Ultegra da Dura-Ace saboda suna rabewa. Ka riƙa duba naka ko da tsaga.