In ka je Masallacin Agadas, ga yadda za ka kalle shi

Yawancinmu in mun je Agadas hoto kawai muke ɗauka a gaban hasumiya mu wuce, alhali abin kallon na jikin itatuwan nan da suka leƙo waje kamar ƙayar bushiya.

Ka je da sassafe ko bayan la'asar, rana tsaka kam zafi ba zai bar ka ka ɗaga kai ba. Ka ɗan ja baya wajen fadar Sarkin Abzin, tana nan kusa, sai ka ga yadda hasumiyar ta faro da faɗi a ƙasa tana tsukewa har sama, mita 27 kuma duk laka ce fa. Asalin ginin tun wajen 1515 ne, zamanin da Askiya Muhammadu na Songhai ya ci garin, mutanen gari na cewa wani malami Zakariya ne ya gina, amma hasumiyar da kake gani yanzu a 1844 aka sake ta.

To yanzu matso ka dubi itacen. Goruba ce, ba ado aka yi da ita ba. Bature Barth, wani matafiyi ɗan Jamus da ya zo a 1850, ya ƙirga jeri 13, ya ce sandunan ratsa hasumiyar suka yi daga wannan bango zuwa wancan, wato su ke ɗaure bangwayen huɗu kada laka ta buɗe, sannan in damina ta wanke yaɓe su magina ke takawa su hau su gyara, ba sai an kafa wani tsani ba. Gwada ƙirgawa da kanka, ni kam wuyana ya gaji kafin in kai ƙarshe.

Hawa kuwa sai ka nemi izini wurin masu kula da masallacin, kar ka kutsa kai lokacin sallah. Matakalar ciki matsattsiya ce ga duhu ga jemagu, in kana da ƙiba ka yi tunani tukuna, babbar riga kuma a bar ta ƙasa. In ka kai sama za ka gane dalilin da ya sa a da masu gadi ke hango mahara daga nan, ayarin raƙuma kuma ke gane gari da ita tun daga nesa.

Don Allah kar ka ɓanɓare laka wai tsaraba, tsohon garin duka yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 2013.