Kafin ki fara jere a Ingila

Makon jiya ƙanwar maigidana ta kira ni daga Jega. Biza ta fito, mijinta zai yi digiri na uku a nan Ingila, ita kuwa ta zauna da biro tana lissafin abin da za ta cusa a jaka: blanda, dutsen guga, butar lantarki, har tana tambaya ko za a iya auno mata firizar da aka yi mata cikin kayan ɗaki. Na ce, "Ƙanwata, ajiye biron nan tukuna." Abin da na gaya mata shi zan maimaita, don na san ba ita kaɗai ke wannan lissafi ba.

Mu mutanen Kabi an raine mu a kan cewa ɗakin mace ba ya zama fayau. Ranar jere sai kowa ya leƙo ya ga firij ya ga talabijin kafin hankalin uwar amarya ya kwanta. To wannan kunyar muke tahowa da ita, kuma ita ke cinye kuɗin baƙo fiye da tsadar kayan. Inna ta ce a juya mata waya ta ga gidan, ke kuma ba ki son ta ga falo ba komai, sai ki kwashe guzurin wata uku ki zuba a kaya cikin mako ɗaya. Na yi, na kuma ji a jikina.

Batun wuta da sauƙi idan Ingila za ki. Ƙarfin wutarsu 230 ne kamar namu, soket ɗin ma mai baki uku ne irin na gida, don haka blandarki za ta yi aiki. Sai dai jakar jirgi kilo 23 ce, kuma butar lantarki a nan ba ta wuce fam 10 zuwa 15 ba. Gara ki cika wurin da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da busasshen kifin Yawuri, wanda doka ta yarda a shigo da shi har kilo 20. Kilishi da man shanu kuwa ki cinye abinki a gida, nama da kayan madara ba sa wuce filin jirgi. Masu zuwa Amurka ko Kanada su ne za su bar kayan wutarsu gaba ɗaya, can 120 ake amfani da shi. Masu Jamus kuma su shirya, gidajen haya da yawa can ba ko murhu a kicin.

Kada ki sayi komai sai kin ga gidan da idonki. Wani gidan haya da gado da kujeru yake zuwa, wani kuma ba komai, amma ko a wanda aka ce ba kaya, sau da yawa za ki tarar da murhu, wani lokacin har firij da injin wanki. Ki tambayi mai gida a rubuce: me ke ciki, kuma in ya lalace wa zai gyara? Ranar shiga ki ɗauki hoton kowane abu, har tsatsar da ke gindin firij, saboda kuɗin ajiyar da kuka bayar, wanda kan kai hayar mako biyar, a kan irin waɗannan ake zaftare shi.

Kuɗin da ke manne a jikin kaya ba shi ne kuɗinsa ba. Injin wanki mai sauƙi na same shi wajen fam 250, amma kawowa da kuɗinta, haɗa shi da famfo da kuɗinsa, ɗauke tsohon ma sai kin biya. A Birnin Kebbi mai kura zai ɗauko miki firij daga kasuwa, yaran unguwa su kama a shigar, ki sallame su da ɗan abin da ya samu. A nan ba mai kura, ba yaran maƙwabta, kuma 'yan jari-bola da ke biyan ki su ɗauki tsohon ƙarfe, a nan ke za ki biya hukuma ta ɗauka. Murhun gas kuma ba a yarda kowa ya haɗa shi ba sai mai rajistar Gas Safe, wato rajistar ƙwararrun masu aikin gas. Kada Alhaji ya ce ai shi yake ɗaura tukunyar gas a gida.

Kayan hannu ba abin kunya ba ne. Firij ɗin Beljiyam da muke rububi a gida, ai nan ne mahaifarsa. Shagunan agaji irin na British Heart Foundation suna sayar da kayan wuta da aka gwada, ana kuma samu a shafukan intanet irin su Facebook da Gumtree, a shafin Freecycle ma kyauta ake bayarwa. Wajen ƙarshen bazara, lokacin da ɗalibai ke tattara komatsai, ki sa kunne a zauren WhatsApp na 'yan gida da na masallaci.

Amma ki gwada kafin ki biya. Shekararmu ta farko na ga injin wanki a intanet fam 80, fari tas kamar ba a taɓa shi ba. Mutumin ya riga ya fito da shi bakin gareji, ya ce lafiyarsa ƙalau. Muka biya mai mota fam 40, maigida da abokinsa suka hau da shi bene suna nishi. Wankin farko ya yi ta juyawa, da ya zo matse kaya sai ya fara tsalle yana kukan injin markaɗe, ruwa ya malale har ƙarƙashin kafet. Na kira lambar, shiru. Da a shago na saya, doka ta ba ni kwana 30 in mayar da abin da ya zo da matsala a ba ni kuɗina. Tsakaninki da mutum kuwa, sai dai ki bar shi da Allah. Tun daga nan ba na sayen abin da ban gan shi a kunne ba, kuma ina yawo da tef, don faɗin injin wanki santimita 60 ne, wani gurbin kicin ɗin bai kai ba.

Sai wanda ba a gani, wato kuɗin wuta. A gida damuwarmu a kawo ta, a nan ba a ɗaukewa amma mita ba ta barci. A shekarar 2025 yunit ɗaya ya kai wajen kwabo 25 na kuɗinsu. Ƙaramar hitar nan ta fam 20 da baƙo ke rugawa ya saya ranar da sanyi ya fara kaɗa shi, yunit biyu take sha a awa. Ki kunna ta awa takwas kullum, kin tashi fam 4 a rana, fam 120 a wata. Injin busar da kaya ma haka yake zuƙa. Ki duba takardar da ke jikin sabon kaya mai haruffa daga A zuwa G: kusa da A ya fi tsimin wuta.

In da abin da zan ce ki saya sabo ba tare da jinkiri ba, firiza ce. Da ita za ki sayi rabin rago a wurin mahaucin halal, ki markaɗa kayan miya na wata guda ki ƙulla a leda. Talabijin ta jira. Kallon tashoshi kai tsaye sai da lasisi, fam 174.50 a shekarar 2025, ga kuma ragin farashi da shaguna ke yi a ƙarshen Nuwamba da ranar 26 ga Disamba. In mai shago ya ce ki ɗauka ki biya a hankali, ki karanta takardar da kyau, wata da kuɗin ruwa a ciki, kuma jinkirin biya yana ɓata sunan mutum har wajen neman haya.

Da na gama, ƙanwar tawa ta yi shiru, can ta ce, "To Yaya, firizar tawa fa?" Na ce ta bar wa Inna, ga zafi na tafe, ƙanƙara kuɗi ce a Jega.